Jijiyoyin saƙo: yadda suke lalacewa da dalilin da ya sa jinkiri ke da tsada

Kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi abubuwa uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Na ukun shi ne jijiyar saƙo. A kowane ɓari na jiki, irin waɗannan jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, 31 kuma daga laka, sannan su yi rassa har bakin yatsu. Wasu ke kai labarin zafi da sanyi da taɓi, wasu ke umartar tsoka ta motsa, wasu kuma ke kula da ayyukan da mutum bai san ana yi ba, kamar bugun zuciya da gumi da narkar da abinci.

Alamomi

Alamar takan nuna irin jijiyar da ta taɓu. Idan ta ji ce, sai a sami minjirya ko raɗaɗi kamar na barkono, ko wurin ya mutu a daina jin komai. Idan ta motsi ce, sai tsoka ta yi rauni ta rame, abu ya riƙa suɓucewa daga hannu, ko ƙafa ta saki mutum ya riƙa jan ta. Jijiyoyi mafi tsawo su ne suka fi saurin kamuwa, shi ya sa matsalar takan fara daga yatsun ƙafa biyu ta yi sama, kafin ta kai ga hannuwa.

Cututtukan da ke jawo ta

Ciwon suga ne kan gaba, domin kusan rabin masu fama da shi sukan sami lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu. Haɗarin yana ga ƙafar da ta daina ji: ƙusa ta soke ta ko takalmi ya goge ta mai ita bai sani ba, rauni ya zama gyambo, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa. Kuturta ma ta jijiya take ɓarna, kuma alamarta ta farko tabo ne a fata wanda ba ya ji idan an taɓa shi. Ana warkewa daga gare ta da magani na wata 6 ko 12, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke samarwa kyauta tun 1995. Sauran sabubba sun haɗa da ƙarancin bitamin B12, da yawan shan barasa, da gubar dalma, da cutar ƙanjamau, da maganin tarin fuka mai suna isoniazid, wanda saboda haka ne ake haɗa shi da bitamin B6.

Rauni da matsewa

Jijiya takan lalace ta hanyar yanka ko fizga ko matsi. Faɗuwa daga babur a kan kafaɗa kan fizge tarin jijiyoyin da ke sauka daga wuya zuwa hannu, hannun ya shanye. Karayar ƙashin dantse kan taɓa jijiyar da ke ɗaga tsintsiyar hannu, haka ma ɗorin da aka ɗaure tamau kan danne jijiya ya kuma hana jini gudana. Allurar da aka yi a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba tana iya samun babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa, saboda haka ne ƙwararru ke yin ta a sashen sama ta gefe, jarirai kuma a yi musu a cinya. Akwai kuma matsewar jijiya a tsintsiyar hannu, wadda ke sa babban yatsa da manuniya da na tsakiya su riƙa mutuwa, musamman da dare. An fi ganin ta ga mata masu juna biyu da masu ciwon suga da masu sana'ar da ke yawan lanƙwasa hannu.

Yadda jijiya ke warkewa

A 1943 likitan Birtaniya Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku. A mataki na farko jijiyar ba ta tsinke ba, saƙo ne kawai ya tsaya, kuma takan farfaɗo cikin kwanaki ko makonni. A na biyu zaren ciki ya tsinke amma kuben da ke lulluɓe da shi na nan, don haka zaren kan sake tofowa ya bi tsohuwar hanyarsa. A na uku jijiyar ta rabu gaba ɗaya, kuma sai an ɗinke ta da tiyata.

Tofowar tana da nawa ƙwarai, kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci guda a wata. Jijiyar da ta tsinke a gwiwar hannu kan ɗauki fiye da shekara kafin ta isa bakin yatsu. Ita kuwa tsokar da ta rasa jijiyarta ba ta jira har abada, domin bayan wata 12 zuwa 18 takan lalace yadda ko jijiyar ta iso ba za ta amsa ba. Duk watan da aka ɓata ana shafe-shafen magani a gida, daga wannan wa'adi ake cire shi.

Bincike da magani

Likita kan gwada ji da ƙarfin tsoka, ya auna suga da bitamin B12 a jini, idan da hali kuma a yi gwajin lantarki da ke auna saurin tafiyar saƙo a jijiya. Magani yana bin sababi ne: daidaita suga, ko cike gurbin bitamin, ko sauya maganin da ya jawo matsalar, ko tiyata, tare da gashi da motsa gaɓoɓi don kada su sandare. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya daina tafiya ba takalmi, kuma ya gwada zafin ruwa da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa.

Lokacin gaggawa

Raunin da ya fara daga ƙafafu yana hawa sama cikin 'yan kwanaki, galibi bayan gudawa ko mura, yana iya zama cutar Guillain-Barré, wadda kan kai ga tsokokin numfashi. Wannan na bukatar asibiti nan take. Haka ma yanka ko karaya ko allurar da mutuwar gaɓa ta biyo baya. Yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'an lafiya domin a bincika ko shan inna ce.