Daga Farin 1984 Zuwa Ruwan 1988: Yadda Ƙasar Umdurman Ta Ƙi Shan Ruwa



Dattawanmu na Khartum sukan ƙirga zamani da shekarun wahala. Sun ji labarin Sanat Sitta a bakin iyayensu, wato yunwar 1306 ta Hijira, a zamanin Halifa Abdullahi. Wasunsu sun ga cikar Nilu ta 1946, lokacin da mutanen tsibirin Tuti suka yi kwana da kwanaki suna tare ruwa da ƙasa da jikkunansu. Mu kuwa da muka taso bayansu, shekaru biyu ne ba sa fita a ranmu: 1984 da 1988. Yawancin mutane na ɗaukarsu masifu biyu dabam, alhali ta farko ce ta share wa ta biyu hanya.

A 1984 damina ta ƙi a Kurdufan da Darfur, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. Dubban mutane suka kwararo yammacin Umdurman, suka yada zango a Muwailih da Abu Zaid, ga kuma masu gudun yaƙin Kudu. Baƙo ba ya zaɓen wuri. Inda ya samu fili nan ya kafa bukka, kuma filin da ba mai shi yawanci kwari ne ko bakin ƙorama wadda ta shekara da shekaru ba ta kawo ruwa ba. Itatuwan da fari ya bari aka sare don girki da gawayi, awaki suka cinye sauran ciyawa, kofato ya daddaɓe ƙasa.

Ana zaton ƙasa mai ƙishirwa za ta fi saurin shan ruwa. Manomi ya san ba haka ba ne, shi ya sa yake da kalmar fako. Ƙasa mai rai cike take da ƙananan ƙofofi: hanyoyin saiwa, ramukan gara da tururuwa, da ruɓaɓɓen ganye mai riƙe danshi. Ta waɗannan ƙofofi ruwa ke nutsewa. Idan fari ya daɗe, saiwa ta mutu, ƙwari su ƙaura, ƙasa ta zauna tsirara. Da ruwa mai ƙarfi ya sauko, ɗigonsa sai ya farfasa ɓurɓushin sama, lallausar laka ta toshe ƙofofin, ta yi ɓawo kamar daɓen ɗaki. Daga nan duk abin da ya zubo gudu zai yi. Baƙar laka ta kudancin Khartum kuwa tana da nata hali: da rani takan tsattsage, ruwan farko ya shige tsagar, sannan ta kumbura ta rufe bakinta, sauran ruwan ya kwanta a kai, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangare.

A haka daren Alhamis 4 ga Agusta 1988 ya same mu, cikin watan Zulhajji na 1408. Kafin ruwan ya tsaya ranar Juma'a, an auna fiye da milimita 200 a Khartum, garin da abin da yake samu a shekara guda bai wuce wajen 160 ba. Ruwa irin wannan ko a ƙasa mai dausayi zai yi ɓarna, balle a fako da tsakuwar duwatsun Markhiyat da Karari. Ƙoramu irin su Khor Abu Anja suka taso suna neman Nilu, suka tarar da gidaje a kan hanyarsu. Ginin ƙasa kuma daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta a jikinsa, tushe ya jiƙe, bango ya zauna. Na tuna muryar maza cikin duhu suna kiran a fito da yara tsakar gida, domin ɗaki ya fi waje haɗari. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Bayan haka Nilu ma ya cika, sauro da gudawa suka biyo baya.

A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu da Larabcin garin nan ya rarrabe. Fayadan shi ne cikar kogi, asalinsa ruwan tsaunukan Habasha, yana tasowa sannu a hankali, ana auna shi kullum. Irinsa ne na 2020, da ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Khartum, ya wuce na 1946 da na 1988. Sail kuwa ruwan tudu ne, ba ya sallama, kuma yakan ci wanda ke nesa da kogi yana ganin ya tsira, kamar yadda ya faru a Sharg an-Nil a Agustan 2013.

Yanzu da mutane ke komawa gidajensu bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wannan tarihi ya zama abin aiki. Wanda zai sayi fili ko ya sake gini, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya bi a 1988, kada ya tsaya ga abin da idonsa ya gani da rani. A ɗaga tushen gini, a sa dutse ko jan bulo a gindin bango. A yi gayya a yashe magudanai kafin Yuli. A dasa itace, a bar wanda ya rage. Shekarar da ta biyo bayan fari kuwa, ita ce ta fi cancantar a yi mata shiri, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.