Tsohon Gidan Sarkin Kabi Na Argungu

A Ingila akwai waɗansu gidaje na cikin birni da ake kira da sunan sarakuna huɗu masu suna Joji, waɗanda suka yi mulki daga 1714 zuwa 1830. Da bulo aka gina yawancinsu, a jere, bango na jingine da bango, tagogi sahu-sahu, na bene na ƙarshe sun fi ƙanƙanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta shiga rubuta irin waɗannan gidaje a littafi. Wanda aka rubuta nasa, ko shi ya gada, ba shi da ikon rushe shi ko sake masa fasali sai da izini.

To, ku 'yan makaranta na Zauro da Ambursa da Birnin Kebbi, kada ku zaci sai an haye teku ake ganin gidan da ya isa a tsare. Ga shi nan Argungu.

Asalinsa yaƙi ne. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Kabawa suka watse. Sarki Karari ya ƙi miƙa wuya har aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. A 1849 Nabame ya tayar, Kabawa suka taru gare shi a Argungu. Shi ake jingina wa ginin gidan. Nan sarakuna suka zauna har 1942, sa'ad da aka yi sabuwar fada, kuma a 1958 aka mai da shi gidan tarihi, aka sa masa sunan Kanta. A cikinsa kaburburan sarakuna suke.

Amma abin lura shi ne aikin magina. Irin wannan gini da tubali ake yinsa, watau curin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka shanya. Bango yakan yi kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, don haka ko da tsakar bazara zaure da sanyinsa. Rufi kuwa da azara, wadda ake tsagawa daga giginya, don gara ba ta cika damunta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Ina dabara, ga sarki na son zauren da zai ci fadawa? Sai magina suka riƙa ɗaura azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, daga wannan bango da wancan, har su gamu a tsaka, a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. Wanda ya ƙago wannan, ko bai taɓa riƙe alƙalami ba, masanin lissafi ne.

A nan ne gidan Argungu ya bambanta da na Ingila. Gidan bulo yana iya shekara ashirin ba a taɓa shi ba, yana tsaye. Gidan ƙasa kuwa, indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwana bisa soro, azara ta ruɓe, kafin damina biyu rufi ya zube. Dā talakawa kan fito a yi wa fada yaɓe bayan kaka, magina kuma suna koya wa 'ya'yansu. Yanzu siminti da kwano sun shigo, yaro ya fi so a kira shi birkila, masu iya ɗaura bakan gizo kuwa galibinsu sun yi furfura.