ZAFI

zāfī [zaafii, sama-sama] sn., nj., ba jm.

1. Ɗumin rana, wuta ko jiki, kishiyar sanyi. Mis.: ~n Gombe ya fi tsanani a Maris da Afrilu, kafin saukar damina.

2. (kimiyya) Matakin ɗumi da ake aunawa da digiri. Ma'aunansa uku:
(a) Salshiyas, °C (Anders Celsius, Suwidin, 1742): ƙanƙarar ruwa 0, tafasa 100. Da shi hukumar NiMet ke hasashen yanayi.
(b) Farenhait, °F (Daniel Fahrenheit, 1724): ƙanƙara 32, tafasa 212. Amurka ke amfani da shi.
(c) Kelbin, K (1848): na masana; 0 K = −273.15°C, ƙarshen sanyi.
Juyawa: °F = (°C × 9/5) + 32; °C = (°F − 32) × 5/9; K = °C + 273.15.
Mis.: 40°C a Tudun Wada = 104°F; ajiyar allurar rigakafi 2–8°C = 35.6–46.4°F; −40°C = −40°F.

3. (likitanci) Hawan ɗumin jiki. Lafiyayye: kimanin 37°C (98.6°F); 38°C (100.4°F) zuwa sama, zazzaɓi. Mis.: an auna ~n yaron a asibiti.

4. Raɗaɗi, ciwo. Mis.: allurar ta yi ~.

5. Tsanani, gaggawa. ~n rai, saurin fushi. ~n nama, kuzari.

Dangi: zāfàfā fi., ɗumama, tsananta, zàzzāfā sif., jm. zāfā̀fā, ma'aunin ~ sn., nj., jm. ma'aunan ~.
Duba: sanyi, ɗumi, hunturu, bazara.