Tsarabar Bakin Teku a Matsayin Madogarar Tarihi: Misali Daga Gandayen Shaƙatawa na Jihar Oregon

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihi sun saba dogara da rubutattun takardu da labaran baka da kuma abubuwan da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa. Akwai wata madogara kuma wadda ba a cika waiwayarta ba, watau tsaraba, irin wadda baƙo kan saya a bakin ƙofar wurin da ya ziyarta: kati mai hoto, ko akushi, ko ɗan littafin tarihin gari. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa kowace tsaraba tana ɗauke da labari game da wurin da ta fito, kuma labarin nan tatacce ne, wani ne ya zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari a waje. Za a ɗauki misali daga gandayen shaƙatawa da gwamnatin jihar Oregon ta keɓe a bakin tekun Fasifik, a arewa maso yammacin Amurka.

2.0 Yadda Gandayen Suka Samu

Gaɓar tekun Oregon ta kai tsawon mil 360 da 'yan kai. A shekarar 1913 Gwamna Oswald West ya sa majalisar jihar ta ayyana rairayin da ruwa ke hawa yana sauka a kansa a matsayin hanyar jama'a. Dabara ce, domin a lokacin da ma ta kan rairayin ake bi da kekunan doki daga wani gari zuwa wani, amma da wannan doka ya hana 'yan kasuwa mallake gaɓar. Daga 1929 zuwa 1950 Samuel Boardman ya shugabanci ma'aikatar gandayen jihar, ya yi ta saye da roƙon filaye har faɗinsu ya ninka fiye da sau goma. A 1936 aka kammala manyan gadoji biyar a kan babbar hanyar da ta bi gaɓar, aka daina jiran jirgin fito, sai masu motoci suka kwararo. Kasuwar tsaraba ta bunƙasa ne a kan wannan hanya. Daga baya, bayan wani mai masaukin baƙi a Cannon Beach ya killace busasshen rairayin da ke gaban gininsa, aka yi dokar 1967 a zamanin Gwamna Tom McCall, wadda ta tabbatar wa jama'a 'yancin shiga rairayin gaba ɗaya.

3.0 Akushi da Ƙwallon Gilashi

Tsarabar da kudancin wannan gaɓa ya fi shahara da ita ita ce kayan sassaƙa na wani itace da suke kira myrtle: akussa da farantai da cokula da agogon bango. Itacen yana da kyawun zane, launinsa kan tashi daga ruwan zuma zuwa baƙi-baƙi. Shekaru da yawa masu sayarwa suna gaya wa baƙi cewa wai a wurare biyu kaɗai yake tsirowa a duniya, Oregon da ƙasar Falasɗinu. Wannan magana ba ta da tushe. Itacen yana nan birjik a jihar Kalifoniya da ke maƙwabtaka, kuma ba danginsu ɗaya da wanda ke tsirowa a Gabas ta Tsakiya ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Amma da yake maganar tana ƙara wa akushi daraja, sai ta daɗe a bakin mutane. Abin mamaki shi ne itacen yana da tarihi na gaskiya wanda ya fi na ƙaryar daɗin ji. A 1933, lokacin mawuyacin halin tattalin arziki, bankin garin North Bend ya rufe, sai hukumar garin ta buga kuɗi a kan faifan wannan itace ta biya ma'aikatanta. Da lokacin fansa ya zo, mutane da dama suka ƙi mayar da nasu, suka adana. Kuɗi ke nan ya rikiɗa ya zama tsaraba.

Ƙwallon gilashi shi ma haka ya rikiɗa. Asalinsa kayan aikin masuntan Japan ne, sukan ɗaura shi a jikin taru don kada ya nutse. In ya kuɓuce, igiyar ruwa takan ɗauke shi shekara da shekaru har ta yar da shi a rairayin Oregon, mai rabo ya tsinta. Da masunta suka koma amfani da roba sai tsintuwar ta yi wuya. Tun daga 1999 garin Lincoln City ke sa masu sana'ar hura gilashi su ƙera sababbi masu launi, a ɓoye su a rairayi don baƙi su tsinta. A ganina wannan shi ne misali mafi bayyana na yadda akan raya siffar abu bayan an rabu da aikin da ya haife shi.

4.0 Hasumiya da Fatalwarta

Babu hoton da ya fi yawa a katuna da riguna da kofunan shayi kamar na hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora, sai ko ƙwarangwal ɗin jirgin Ingila mai suna Peter Iredale, wanda ya kafe a rairayi a watan Oktoba na 1906, kuma har yau ragowar ƙarafansa na nan a gandun Fort Stevens. Bari mu tsaya a kan hasumiya guda, ta Yaquina Bay da ke garin Newport. An kunna fitilarta a 1871, aka kashe ta a 1874, domin an gina wata mafi girma a kusa. Shekara uku ke nan kacal ta yi tana aiki. A 1899 wata marubuciya, Lischen Miller, ta buga ƙagaggen labari a mujallar Pacific Monthly game da wata budurwa da ta ɓace a cikin wannan gini da aka ƙaurace wa. Labarin ya bi baki har mutane suka ɗauka abu ne da ya auku, aka riƙa maimaita shi ga baƙi. Da aka yi niyyar rushe ginin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen yankin suka kafa ƙungiyar tarihi a 1948 suka tsaya masa. Ba za a yi kuskure ba in aka ce fatalwar da ba ta taɓa wanzuwa ba tana da hannu wajen sa jama'a su ƙaunaci ginin.

5.0 Littattafan Tarihin Gari da Abin da Suka Tsallake

Littattafan da suka shafi gandayen iri biyu ne. Akwai na ma'aikata, kamar tarihin gandayen jihar da Chester Armstrong ya wallafa a 1965, wanda ya fi mayar da hankali ga ranar da aka sayi kowane fili da wanda ya bayar da shi. Akwai kuma na baƙi, waɗanda suka fi yaɗuwa, musamman jerin Images of America na kamfanin Arcadia da aka kafa a 1993: shafi 128, cike da tsofaffin hotuna, kowanne da ɗan bayani a ƙarƙashinsa. Amfanin irin waɗannan ba kaɗan ba ne, don sun fito da hotunan da ke kwance a akwatunan iyalai. Sai dai tarihin da aka gina a kan hoto yana farawa ne daga ranar da na'urar ɗaukar hoto ta iso, kuma yana bin idon mai na'urar. Saboda haka za a ga masu saran katako da matuƙan jirgi da amare a bakin ruwa, amma ba kasafai akan daɗe a kan waɗanda aka tarar a ƙasar ba.

A nan ne gyara ya wajaba. A 1855 gwamnatin Amurka ta keɓe fili fiye da eka miliyan 1 a tsakiyar wannan gaɓa, ta tattaro ƙabilun 'yan asalin ƙasar da ƙarfin soja ta zuba su a ciki. A 1865 aka yanke yankin Yaquina daga filin aka buɗe wa Turawa, a 1875 aka sake yanke wani kaso mafi girma. Hasumiyar da muka ambata an gina ta ne shekara shida bayan yankan farko, a kan ƙasar da aka yi wa waɗannan mutane alkawari. A 1954 gwamnati ta soke matsayin ƙabilun yammacin Oregon a dokance, ba a mayar wa Siletz nasu ba sai 1977, Coos da Siuslaw da Umpqua ta ƙasa sai 1984, Coquille sai 1989. Watau an yi shekaru da dama kasuwar katuna da akussa na cin kasuwarta alhali doka ba ta san da masu ƙasar ba. Sunayensu dai sun saura a kan koguna da gandaye, irin su Nehalem da Siuslaw da Yaquina, kuma Lewis McArthur ya bi asalin da yawa daga ciki a littafinsa na sunayen wuraren Oregon na 1928.

A 2009 aka buɗe wata hanyar ƙafa tsakanin garin Yachats da tsaunin Cape Perpetua, aka sa mata sunan Amanda, wata makauniya 'yar ƙabilar Coos. A 1864 sojoji suka raba ta da 'yarta, suka kora ta tare da wasu a ƙasa ta kan duwatsun gaɓa zuwa sansanin Yachats, ƙafafunta suna zubar da jini. Mun san haka ne daga littafin ajiyar labarin yau da kullum na wani kofur, Royal Bensell, wanda ke cikin masu rakiyar, kuma ba a buga shi ba sai 1959.