Yadda Tikitin Kyauta Ya Sauya Gidajen Wasan Na'ura a Amurka

A farkon shekarun 1980, gidan wasan na'ura a Amurka wuri ne mai duhu da hayaniya, inda matasa ke jefa kwandala a akwati su gwada gwaninta. Space Invaders ya fito a 1978, Pac-Man ya biyo baya a 1980. Ba abin da gwani ke samu sai ganin haruffan sunansa a saman allo, kuma wannan kaɗai ya isa ya dawo da shi washegari.

Wasan neman kyauta ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba. Tun 1908 aka yi rajistar Skee-Ball, wanda ake mirgina ƙwallo ta hau tudu ta faɗa rami, kuma wuraren shaƙatawa na bakin teku sun daɗe suna ba mai maki da yawa 'yar takardar da zai canza da kyauta. Hukumomi kuwa ba su taɓa sakin jiki da na'urorin kwandala ba. A 1942 magajin garin New York, Fiorello LaGuardia, ya haramta na'urar pinball, yana ganin caca ce mai cinye kuɗin yara, ba a kuma ɗage haramcin ba sai 1976.

Karyewar kasuwa ce ta fito da tikiti gaba. A 1983 cinikin wasannin bidiyo ya durƙushe, sannan na'urar Nintendo ta fara shiga gidajen Amurkawa a 1985. Street Fighter II ya sake cika gidajen wasa a 1991, amma farfaɗowar ba ta daɗe ba, domin na'urar gida ta PlayStation ta iso a 1995. Da yaro ya samu irin wasan a ɗakinsu, sai ya daina biyan kuɗi a waje.

A nan ne masu gidajen suka zauna suka yi lissafi. Na'urar bidiyo tana da tsada, kuma da an saba da ita sai ciniki ya ja baya. Ta tikiti kuwa tana shekaru tana aiki, wasanta na 'yan daƙiƙu ne, ƙaramin yaro da kakarsa duk suna iyawa, kuma ba wanda ke da irinta a gida. Mafi girma duka, mai gida ne ke saita yawan tikitin da za ta fitar, shi ne kuma ke sa wa alewa da 'yan tsanan da ya saro da araha farashi. Riba ta zama abin da ake tsarawa tun kafin a buɗe ƙofa.

Wuraren da suka haɗa abinci da wasa su suka ci moriyar wannan. Nolan Bushnell, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Atari, ya buɗe Chuck E. Cheese a San Jose a 1977, aka buɗe Dave & Buster's a Dallas a 1982. Ƙananan gidajen wasa na unguwa suka yi ta rufewa, kamfanin Williams ya daina ƙera pinball a 1999. A Japan ma, na'urar cafko 'yar tsana ta Sega, UFO Catcher, wadda ta fito a 1985, ta mamaye ƙofar gidajen wasa.

Girman harkar ya bayyana a 2020, lokacin da annobar korona ta tura kamfanin Chuck E. Cheese kotun karayar arziki. Ya nemi izinin lalata tikitin takarda biliyan 7, domin ya riga ya koma amfani da katin da ke ajiye maki. Katin ya sauƙaƙa aiki, amma ya sa uba ba ya ganin kuɗin da ke fita daga aljihunsa.

Babu shakka tikiti ya ceci sana'ar, ya riƙe ma'aikata, ya ba iyalai wurin zuwa tare. Abin da ke damuna shi ne irin na'urorin da suka biyo baya. A 2021 an kai Sega ƙara a Kalifoniya kan na'urarta mai suna Key Master, bisa zargin an saita ta yadda ba a ci sai bayan an faɗi sau da yawa, komai gwanintar mai wasa. Na'urar da ke nuna wa yaro cewa hannunsa ne ya kuskure, alhali lissafin cikinta ne ya hana shi, caca ce, kuma wajibi ne hukuma ta ɗauke ta a haka.