Yadda Madubi Ya Sauko Daga Fada Zuwa Banɗaki

Wanda ya canza madubin banɗakinsa yau da ɗan kuɗi kaɗan yana cin gajiyar ilimin kimiyya ne fiye da rahusar 'yan kasuwa. A ƙarni na 16 masu sana'ar gilashi na tsibirin Murano a Venis su ke riƙe da kasuwar madubi mai kyau. Suna shafa haɗin kuza da zaiba a bayan gilashi, kuma hukuma ta hana su fita da sirrin waje. Aikin yana cin lokaci, tururin zaiba yana lalata lafiyar ma'aikata, girman madubin kuma bai wuce abin da mutum zai iya hurawa da baki ba.

Wani zai ce gasa ce ta karya farashi, tunda a 1665 Colbert, ministan sarkin Faransa, ya kafa masana'antar madubi a ƙasar, ya janyo ƙwararru daga Venis. Gaskiya ne, amma ina madubin ya nufa? Fadar Versailles, inda aka jera guda 357 a zaure ɗaya. Talaka bai ga komai ba. Sauyi ya fara a 1835, lokacin da Bajamushe Justus von Liebig ya nuna yadda ake kwantar da siririyar azurfa a kan gilashi. Daga baya, a 1959, kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya fito sumul ba sai an goge shi ba. Siririyar azurfar nan dai ita ce danshin banɗaki yake ci, shi ya sa gefen madubi ke fara baƙi.