Mubi, Garin Da Dogo Bai Iso Ba

Yau ina so mu waiwaya baya kan batun sufuri, domin duk lokacin da aka nuna jirgin ƙasan Legas ko na Abuja a talabijin, sai ka ji 'yan uwanmu a majalisa suna cewa mu kam a Mubi an manta da mu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ya kamata mu san yadda aka faro da kuma abin da ya dace mu nema.

Da yawa daga cikinmu iyayenmu da kakanninmu daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau suka taso, wato inda jirgi ya daɗe da zama abin yau da kullum. Dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sannan Nguru a 1930. Bature bai shimfiɗa shi don jin daɗin fasinja ba, gyaɗa da auduga da fatu yake son kwashewa zuwa bakin teku. Mubi kuwa a lokacin ba ta cikin Nijeriya sosai. Jamus ce ta fara riƙe yankin, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ba Ingila riƙon amana, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 muka shigo Nijeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Kafin nan an riga an zana layin Barno. An fara shi a 1958 da rancen Bankin Duniya, ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauci da Gwambe, ya isa Maiduguri a 1964. Har yau babu layin dogo a jihar Adamawa.

To, mene ne ya raya garin? Mota ce. Manyan motoci ke kwasar shanu daga kasuwar Mubi zuwa kudu, bas-bas da ƙananan motoci ke kai mutane Yola da Maiduguri da Kano, a cikin gari kuma acaɓa ya yi zamaninsa, Keke Napep ya biyo baya. Wanda ya ga yadda jama'a suka fice a Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shigo garin, ya san hanyar mota ita ce ranmu.

Mai karatu, abin da na fahimta daga tarihi shi ne, kowane abin hawa da aikinsa. Babban jirgi na kaya mai nauyi ne da tafiya mai nisa. Ƙaramin jirgin cikin gari sai birni mai cunkoso, inda dubban mutane ke bin hanya ɗaya safe da yamma. Bas kuwa ita ke shiga unguwa ta ɗauko mutum, kuma ko da jirgi ko babu sai an nemi ta.

Ga misalai. A 1902 aka buɗe ƙaramin jirgi mai tururi a Legas, daga Iddo zuwa cikin tsibiri, amma daga baya aka rufe shi, motoci suka gaje fasinjojinsa. A nan Arewa an yi siririn layi daga Zariya zuwa Bukuru saboda kuza, aka gama a 1914. Babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, sai ƙaramin ya rasa kasuwa, aka rufe shi a 1957. Na kusa-kusa shi ne na Abuja. Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo aiki ba sai Mayun 2024. Babban kukan jama'a a kansa shi ne tashoshin sun yi nisa da gidaje da wuraren aiki, sai ka hau mota kafin ka hau jirgi. Legas ta bi abin daki-daki: ta fara da manyan bas masu hanyarsu ta daban a 2008, sai a 2023 jirgin Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja.

Saboda haka idan ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a ya yi mana alkawarin jirgin cikin gari, mu tambaye shi daga ina zuwa ina, kuma wa zai cika shi. Daga Lokuwa zuwa kasuwa ko makarantar Foli ba tafiyar jirgi ba ce. A ganina abin da za mu haɗa kai da 'yan uwanmu Fali da Gude da Fulani mu nema shi ne a gyara hanyoyin Yola da Maiduguri da ta Biu, a samar da bas masu lokaci da ƙayyadadden kuɗi don ɗalibai da ma'aikata. Idan kuma za a yi maganar dogo, to a yi ta reshen da zai haɗa mu da Gwambe don shanu da hatsi.

Allah ya sa mu dace, ya kiyaye hanya. Wassalam.